Daga Kangon Masana'anta Zuwa Gidan Alfarma: Tarihin Salon Masana'anta a Adon Cikin Gida

Gabatarwa

Abin da masu tsara adon cikin gida suke kira salon masana'anta shi ne shirya ɗaki ta yadda zai yi kama da cikin masana'anta ko sito, wato a bar bangon jan bulo ba yaɓe ba fenti, a bar ginshiƙan ƙarfe da bututun ruwa da wayoyin lantarki a fili ba tare da an rufe su da silin ba, a bar daɓen kankare ko na tsohon katako yadda yake, sannan a rage bangayen da ke raba ɗakuna har falo da kicin da wurin cin abinci su haɗu a fili guda mai dogon rufi da manyan tagogi. A yau ana ganin wannan salo a gidajen masu hali da otel-otel da wuraren shan gahawa a manyan biranen duniya, har mai kallo ya ɗauka wani gwanin tsara gini ne ya zauna ya ƙago shi. Amma kowace siffa daga cikin waɗannan siffofi tana da dalilin da ya haife ta, kuma dalilan sun haɗa da tsoron gobara da neman hasken rana da tsimin kuɗi da talaucin waɗanda suka fara kwana a irin waɗannan wurare. Salon ya bi matakai uku kafin ya kai inda yake: an gina wuraren domin inji da ma'aikaci, masu zane-zane marasa hali suka gaje su bayan masana'antun sun tashi, daga ƙarshe kasuwa ta karɓe siffar tana sayar da ita ko da babu ginin da ya haife ta.

Ginin da aka yi wa inji

Tushen waɗannan siffofi yana cikin masaƙun Ingila na ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da bunƙasar masana'antu ta tara injuna da ɗaruruwan ma'aikata a ƙarƙashin rufi ɗaya. Babban abin da ke hana masu masaƙa barci a wancan zamani shi ne gobara, domin daɓen benaye da ginshiƙansu duk na katako ne da ya sha man inji, iska cike take da ƙurar auduga, ga kuma fitilun mai da kyandirori da ake kunnawa idan duhu ya yi. Ƙonewar Albion Mills, katafaren gidan niƙan alkama na birnin Landan, a shekarar 1791, ta ƙara zaburar da magina wajen neman ginin da wuta ba za ta cinye shi cikin sauƙi ba. A 1797 aka kammala masaƙar zaren lilin ta Ditherington a garin Shrewsbury, mai hawa biyar, wadda Charles Bage ya tsara, kuma ita ake ɗauka a matsayin gini na farko da aka tayar bisa ƙarfe zalla, domin ginshiƙanta da dogayen sandunan da ke ɗauke da benayenta duk na ƙarfen zubi ne, an kuma cike tsakaninsu da bakan jan bulo. Ƙarfen zubi kuwa shi ne wanda ake narkawa a kwarara cikin ramin da aka siffanta a yashi, idan ya huce ya fito da siffar da ake so, ta yadda maƙera guda za ta iya fitar da ginshiƙi ɗari iri ɗaya.

Sauran siffofin ma buƙatar aiki ce ta kawo su. An ɗaga rufi ne domin a samar wa sandunan juya injuna da bel-bel ɗinsu wuri a sama, an faɗaɗa tagogi ne domin rana ta haska wa masaƙi zarensa tun kafin zuwan lantarki, an kuma bar kowane bene a buɗe ne domin a jera injuna sahu-sahu, shugaban ma'aikata kuma ya riƙa hango kowa daga inda yake tsaye. Bangon jan bulo da ake sha'awa a yau ma ba kullum yake ja ba, domin dokar da majalisar Birtaniya ta kafa a 1802 ta wajabta wa masu masaƙa su shafe bangayensu da farar ƙasa aƙalla sau biyu a shekara saboda lafiyar yaran da ke aiki a ciki. Jan bulon da ake gani a tsofaffin masana'antu da yawa da aka mayar gidaje, masu gyara ne suka kankare shafen da ke kansa suka fito da shi.

A tsakiyar ƙarni na 19 wannan fasaha ta samu gindin zama a birnin New York na Amurka, inda James Bogardus da Daniel Badger suka shahara wajen zuba fuskar gini gaba ɗayanta da ƙarfe, a kawo ta gunduwa-gunduwa a ɗaure da kusoshi, a yi mata fenti ta yi kama da sassaƙaƙƙen dutse alhali kuɗinta bai kai nasa ba. Ginin Haughwout da aka buɗe a 1857 a kan titin Broadway, wanda a cikinsa Elisha Otis ya kafa na'urarsa ta farko mai hawa da mutane bene, yana cikin fitattun misalan da suka rage. Daga shekarun 1870 zuwa na 1880 unguwar da ke kudu da titin Houston ta cika da irin waɗannan gine-gine masu hawa biyar ko shida, ƙasa kanti, sama kuma ɗakunan ɗinki da sito-sito. Kowane bene fili ne guda marar ɗakuna, kuma irinsa ake kira lof. Rayuwar da aka yi a waɗannan benaye ta wahala ce, kamar yadda gobarar kamfanin ɗinkin riguna na Triangle ta nuna ranar 25 ga Maris, 1911, a wani gini da ke arewa kaɗan da unguwar, inda ma'aikata 146 suka rasu, akasarinsu 'yan mata baƙin haure Yahudawa da Italiyawa, saboda an kulle wasu ƙofofin fita.

Masu zane a cikin kangaye

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan masana'antu suka fara ficewa daga tsakiyar New York, domin sabon tsarin aiki yana son shimfiɗaɗɗen gini mai hawa ɗaya wanda manyan motocin kaya za su iya shiga harabarsa, abin da tsukakkun titunan tsohuwar unguwar ba za su bayar ba. Aka bar ƙananan sana'o'i irin su tattara tsummoki da tsofaffin takardu da guntayen yadi, kayan da suka sa gobara ta yawaita har 'yan kwana-kwana suka laƙaba wa wurin eka ɗari ta jahannama. Bugu da ƙari, Robert Moses, wanda ya daɗe yana juya akalar gine-ginen birnin, ya tsara wani babban titin mota da zai ratsa ta kan titin Broome ya rushe ɗaruruwan gine-gine, don haka masu gidajen suka daina kashe ko sisi wajen gyara, suka koma bai wa duk wanda ya zo haya a kan kuɗi ƙalilan. Binciken da Chester Rapkin ya gabatar wa hukumar birnin a 1963 ya nuna cewa har lokacin dubban talakawa suna cin abinci a waɗannan ƙananan masana'antu, kuma daga sunan da binciken ya bai wa yankin aka samo kalmar SoHo da ake kiran unguwar da ita.

Waɗanda suka amsa kiran wannan haya mai araha su ne masu zane-zane da masu sassaƙa, domin zanen wancan zamani ya girma har ba ya shiga ɗakin haya na yau da kullum, aljihunsu kuma ba zai ɗauki hayar ɗakin kwana da ta wurin aiki a lokaci guda ba. Tun a shekarun 1950 Robert Rauschenberg da Jasper Johns suka zauna a benayen titin Pearl, su Agnes Martin da Ellsworth Kelly kuma suka tare a tsofaffin ɗakunan ajiyar kayan jiragen ruwa na Coenties Slip. Dokar tsara birni ta ware waɗannan unguwanni ne domin sana'a kawai, saboda haka kwana a cikinsu laifi ne, amma tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Mazaunan sukan rufe tagoginsu da baƙin ƙyalle da dare kada a hangi fitila, su ɗauki sharar kicin su kai wata unguwa kada ta tona musu asiri, su kuma tanadi inda za su ɓoye katifa idan jami'in duba gine-gine ya ƙwanƙwasa. Da yake gine-ginen ba su da ƙararrawa, baƙo yakan tsaya a titi ya ƙwala kira, mai masauki ya jefo masa makulli a cikin safa daga hawa na huɗu. Masu gidajen sukan kashe na'urar ɗumama gini da zarar an tashi daga aiki da kuma ƙarshen mako, ko da ana tsakiyar hunturu. A 1961 ƙungiyar masu zane 'yan haya ta cimma yarjejeniya da hukumar birnin cewa za a ƙyale wasunsu su zauna, bisa sharaɗin a kafa allo a ƙofar gini mai ɗauke da haruffan A.I.R., alamar cewa mai zane yana zaune a ciki, da lambar bene, domin 'yan kwana-kwana su san akwai mai rai a sama idan wuta ta tashi.

A cikin wannan hali ne siffar salon ta kammala. Wanda ya kama bene fanko shi zai jawo wa kansa ruwa da wuta, kuma tun da fasa bango a binne bututu aiki ne mai tsada, sai a bi da shi ta saman bango a bar shi a nan. Kayan ɗaki kuwa daga bola da wajen 'yan gwangwan ake samo su: ƙaton kwarkwaron katako da aka warware wayar lantarki daga jikinsa ya zama teburin cin abinci, akwatin ƙarfen da ma'aikata ke ajiye tufafinsu ya zama kabad, kantar ajiyar kaya ta zama ta littattafai, ƙwan lantarki kuma ya sauko a bakin wayarsa ba murfi. A 1964 Andy Warhol ya koma wani bene a kan titi na 47, wanda Billy Name ya lulluɓe bangonsa da bututunsa da takardar alminiyom da fenti ruwan azurfa, hotunan wurin kuma suka zagaya duniya suna nuna lof a matsayin matattarar 'yan gayu. A 1967 George Maciunas ya fara haɗa masu zane suna tara kuɗi su sayi gini sukutum su raba benayensa, kamar yadda aka yi a gida mai lamba 80 a titin Wooster. A 1968 mai sassaƙa Donald Judd ya sayi gini mai hawa biyar a lamba 101 titin Spring a kan dala 68,000, ya ware wa kowane bene aiki guda, wannan na girki da cin abinci, wancan na aiki, na can sama kuma na barci, ya bar tsarin ginin yadda ya same shi.

Doka da kasuwa

Gwagwarmayar da marubuciya Jane Jacobs da mazauna unguwannin kewaye suka yi, wadda har ta kai ga kama Jacobs a wani zaman sauraron ra'ayin jama'a a 1968, ta sa magajin gari John Lindsay ya janye daga shirin babban titin nan na Robert Moses a 1969. A 1971 aka gyara dokar tsara birni ta yadda mai zanen da hukuma ta tantance zai iya zama ya kuma yi aiki a benayen SoHo, a 1973 kuma aka ayyana unguwar a matsayin yankin tarihi da ba a rushe gininsa. Waɗannan nasarori guda uku su suka ceci gine-ginen, su kuma suka buɗe ƙofar da aka fitar da mafi yawan waɗanda suka cece su, domin da zarar barazanar rusau ta kau, doka kuma ta halatta zama, sai darajar kowane bene ta fara hawa. Mujallu suka riƙa buga hotunan benayen masu zane, lauyoyi da ma'aikatan banki suka shigo neman irinsu, dillalan gidaje suka biyo baya. Dokar lof da jihar New York ta kafa a 1982 ta ba wasu tsofaffin 'yan haya kariya, ta kuma tilasta wa masu gidaje su kawo gine-ginen daidai da ƙa'idar gidan zama, sai dai ba ta tsayar da tashin farashi ba. A wannan shekarar ce masaniyar zamantakewa Sharon Zukin ta fitar da littafinta a kan zaman lof, inda ta nuna cewa masu zanen sun share wa jari hanya ba da saninsu ba, kuma waɗanda suka fi kowa asara su ne ƙananan masu masana'antu da leburorinsu, waɗanda aka kora domin a mayar da wurin neman abincinsu ɗakin kwanan mai kuɗi.

Kayan aiki sun shiga falo

Akwai wani reshe na tarihin da ya fito daga hannun masu tsara gine-gine da gangan. A Jamus, Marcel Breuer na makarantar Bauhaus ya lanƙwasa bututun ƙarfe irin na keke ya yi kujera da shi a 1925. A Paris, Pierre Chareau ya gina wa wani likita gidan da ake kira Maison de Verre tsakanin 1928 da 1932, da bangon bulon gilashi da ginshiƙan ƙarfe da kusoshinsu a bayyane. A Kalifoniya, Charles da Ray Eames suka haɗa gidansu a 1949 da ƙarafa da tagogin da ake sayar wa masu gina masana'antu. Cibiyar Pompidou da Renzo Piano da Richard Rogers suka tsara, wadda aka buɗe a Paris a 1977, ta fitar da bututunta duka waje ta bambanta su da launi, shuɗi na iska, kore na ruwa, rawaya na lantarki, ja kuma na hanyoyin hawa da sauka. Shekara guda bayan haka Joan Kron da Suzanne Slesin suka wallafa littafin High-Tech, wanda ya nuna wa talakan mai gida yadda zai sayi kantar waya ta kicin ɗin otel da shimfiɗar roba ta tashar jirgi da fitilar sito ya ƙawata ɗakinsa da su.

Kayan da suka zama tambarin salon duk don aiki aka ƙera su. Kujerar Tolix da Xavier Pauchard ya fitar a garin Autun na Faransa a 1934, an tsoma ƙarfenta ne cikin narkakkiyar tutiya kamar yadda ake yi wa kwanon rufi domin kada ta yi tsatsa a waje, an huda mazauninta domin ruwan sama ya tsiyaye, daga baya kuma aka gyara siffarta ta yadda mai shago zai ɗora wata kan wata idan ya tashi. Kujerar alminiyom ta kamfanin Emeco an yi ta ne a 1944 domin jiragen ruwan yaƙin Amurka, inda ake buƙatar abu marar nauyi da gishirin teku ba ya ci. Fitilar Jieldé kuwa wani makanike ne a birnin Lyon, Jean-Louis Domecq, ya ƙera ta a 1950, ya yi mata gaɓoɓin da wuta ke ratsawa ba tare da waya ba, saboda ya gaji da fitilun da wayarsu ke tsinkewa a gwiwa idan an yawaita lanƙwasa su.

Yaɗuwa da kwaikwayo

Duk birnin da masana'antunsa suka mutu ya bi wannan sawu. A Landan, sauya jigilar teku zuwa kwantena ya kashe tsofaffin tashoshin kogin Thames, sito-siton shayi da kayan yaji na Butler's Wharf suka koma hannun masu zane a shekarun 1970, sannan Terence Conran da abokan jarinsa suka mayar da su gidaje masu tsada a shekarun 1980. Masaƙun Manchester sun bi layi daga shekarun 1990, tashar wutar Bankside ta zama gidan baje zane-zane na Tate Modern a 2000, rumbun hatsin tashar jiragen ruwa ta Cape Town kuma ya zama gidan fasahar Zeitz a 2017. Da tsofaffin gine-ginen suka yi ƙaranci sai aka shiga gina sababbi masu kama da su, aka fito da takardar manna bango mai hoton jan bulo, da bututun ado wanda ba ruwan da ke bi ta cikinsa, da sabon katako da ake ƙuje shi da gangan domin ya yi kama da wanda ya sha aiki, da ƙwan lantarki na zamani mai kwaikwayon siffar na zamanin Edison. A wannan mataki abin da talauci ya tilasta ya zama kayan sayarwa, mai saye kuma yana biyan kuɗi mai yawa domin alamar wahalar da bai sha ba.

Kammalawa

Abin da ya cancanci a riƙe daga wannan tarihi abu biyu ne. Na farko shi ne cewa gini mai ƙwari yana iya yin rayuwa ta biyu bayan sana'ar da aka yi shi dominta ta ƙare, kuma a zamanin da sarrafa siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, gyara tsohon gini ya fi rushe shi a tayar da sabo alheri. Na biyu shi ne gaskiyar kayan gini, wato a bar ƙarfe ya bayyana a matsayin ƙarfe, bututu kuma ya tsaya inda mai gyara zai kai hannunsa ba sai ya fasa bango ba. Salon yana da nasa illoli, domin fili marar ɗakuna ba ya ɓoye sirrin iyali, ƙara tana amsa kuwwa a cikinsa, sanyaya shi ko ɗumama shi yana cin kuɗi, tsohuwar masana'anta kuma takan bar guba a fentinta da ƙasarta wadda sai an kawar kafin a zauna.

Wannan batu ya shafi biranen ƙasar Hausa kai tsaye, domin masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda suka faro da kamfanin Kaduna Textiles a 1957, da masana'antu da dama a Bompai da Sharada da Challawa a Kano, sun rufe sun bar manyan gine-gine a tsaye, a irin matsayin da SoHo ta samu kanta a farkon shekarun 1960. Mafi alheri shi ne su koma aikin da aka gina su dominsa. Inda hakan ya faskara, tarihin New York ya nuna cewa ana iya ceton ginin a mayar da shi makaranta ko kasuwa ko rumfunan masu sana'ar hannu ko gidajen zama, ya kuma nuna cewa idan hukuma ba ta shimfiɗa ƙa'ida tun da wuri ba, ribar gyaran takan tsallake tsofaffin ma'aikata da maƙwabtansu ta faɗa hannun masu jari. Don haka duk shirin da za a yi wa waɗannan gine-gine ya kamata ya fayyace, tun kafin a fara aiki, wane ne zai zauna a cikinsu, nawa zai biya, da kuma rabon da za a ware wa iyalan waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu a gaban injunan.